Idan Yaro Ya Kangare, Gidan Duka Ake Dubawa

 

An nemi mu yi magana a kan matasanmu da ke kangarewa a birni. Mu da muka tsufa da alli a hannu mun sha ganin uba ya shigo ofis yana jan ɗansa, ya ce, "Malam, ga shi nan, a gyara mini shi," ya juya ya tafi, kamar wanda ya kai rediyo wurin mai gyara.

Mun ga inda wannan tunani ya kai mu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi. Ba mu ce mugunta ce ta sa ba. Gajiya ce, da rashin sanin inda za a dosa.

Masana sun daɗe da gano wata hanya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowane majinyaci tare da wani ɗan uwansa. A shekarun 1960 kuma, wani likita a Amurka, Salvador Minuchin, da ke aiki da kangararrun yara, ya ga gyaran yaro shi kaɗai ba ya ɗorewa in ya koma gidan da bai sauya ba. Sai ya riƙa zaunar da iyali gaba ɗaya.

A irin wannan zama ba shari'a ake wa yaro ba. Uba da uwa da abokiyar zamanta da yayye kowa zai faɗi nasa, shi ma yaron a saurare shi ba tsawa. Mai sulhu yana lura: wa ke hanawa, wa ke ba da kuɗi a ɓoye? Wa aka mayar ɗan aike tsakanin uba da uwar da ba sa ga maciji? Daga nan a tsayar da dokoki kaɗan waɗanda manya duka suka amince da su, a riƙa komawa zama mako-mako.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A gida, alkunya takan hana uba sakin jiki da ɗansa, balle ɗan fari da ko sunansa ba a faɗi. Amma al'ada ba ta bar yaro haka nan ba: ga kaka da yake wasa da ita, ga kawu, ga gwaggo, waɗanda yake iya faɗa wa cikinsa. Da muka dawo Kawo da Badarawa da Unguwar Dosa, cikin ɗaki da falo na haya, sai muka taho da alkunyar, muka baro kaka da kawu a gida. Uba ya fita kasuwa da asuba, sai bayan isha. To, wa yaro zai faɗa wa damuwarsa in ba 'yan majalisar bakin titi ba? Tura shi ƙauye wurin tsohuwa ma ba mafita ba ce, domin ƙwaya ta riga shi isa can.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta kafa kwamitin dattawa, da mata a ciki, da ma'aikacin lafiya daga cikin 'ya'yanmu, su zama kawu da gwaggo ga gidajenmu na Kaduna. Sharaɗi na farko shi ne riƙe sirri, musamman in yarinya ce, domin tsoron a ɓata mata aure ne ke sa iyaye yin gum. In kuwa abin ya kai ga shaye-shaye mai tsanani ko taɓin hankali, kada kwamiti ya mayar da kansa likita. A ƙetara kogi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, uba da uwa kuma su bi ɗansu har gaban likita.