YARON DA GASHINSA KE ZUBA: ME KE KAN IYAYE?



Ya ku 'yan uwa, maganarmu ta yau a kan wata larura ce da ke samun yara, wadda likitoci ke kira alofeshiya. Uwa za ta zo tsefe wa 'yarta kai, ko wanzami ya zo aski, sai a tarar da wani fili kamar faɗin kwabo, sumul, babu gashi ko ɗaya. Daga nan hankalin gida ya tashi.

Farkon abin da ke kan iyaye shi ne su kai yaro wurin likitan fata, domin a bambance ta da makero. Makero yana zuwa da ƙaiƙayi da amosani, gashi ya riƙa kakkaryewa, ana kuma ɗaukarsa ta aska da mataji da hula. Maganinsa na sha ne, na makonni. Ita kuwa alofeshiya, garkuwar jikin yaron ce da kanta ke far wa saiwar gashi bisa kuskure. Ba a ɗaukarta, ba kuma ƙazanta ke kawo ta ba. Kimanin mutum 2 cikin 100 ke gamuwa da ita a tsawon rayuwarsu. Saiwar ba ta mutuwa, shi ya sa da yawa daga waɗanda abin bai yi wa yawa ba gashinsu kan dawo cikin shekara guda, sau da yawa ya fara fitowa fari-fari, siriri. Wasu takan sake dawo musu. Wasu kuma kan duka ke zubewa, har gira da gashin ido. Akwai man shafawa da allura. A shekarar 2023 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwaya ga 'yan shekara 12 zuwa sama, sai dai tana da tsada ƙwarai. Kada dai mu yi wa yaro alkawarin ranar da gashi zai fito, domin ko likita ba ya iya yanke ta.

To, a nan ne ake faɗawa ɓarna. Maƙwabciya ta ce aljani ne ya aske shi, wata ta ce kambun baka ne, a ƙarshe a ɗora wa kishiya. Sai a nufi boka, a sayar da tauhidi saboda gashi! Wasu kuma su goge wurin da tafarnuwa ko kanwa, ko su tsattsaga shi, har fata ta ƙone. Ku sani saiwar da cutar ta bari da rai, tabo yana kashe ta, gashi kuwa ba ya tsira a kan tabo.

Amma ciwon da ya fi girma yana cikin zuciyar yaron. A fuskar iyayensa yake gane girman abin da ya same shi. Idan kullum uwa tana ɗaga masa hula tana salati, idan duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa, yaro zai ɗauka shi abin kunya ne. Mu gaya masa sunan larurar da harshen da zai gane, mu ce masa ba laifinsa ba ne. Uba ya taka da ƙafarsa zuwa makarantar boko da ta Islamiyya, ya bayyana wa malamai cewa ba a ɗauka, kada a ware shi a tabarma, kada a tilasta masa cire hula. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba. Yaron da ake kira "mai sanƙo" a tsakar gidansu, wa zai kare shi a waje? A hadisin mutum uku na Banu Isra'ila da Bukhari da Muslim suka ruwaito, abin da mai sanƙon ya koka da shi ƙyamar mutane ce.

'Ya mace ta fi shan wuya, musamman a jajiberin Salla, sa'ad da tsaranta ke layin kitso. A yi mata lalle, a bar ta ta zaɓi ɗankwalinta, a kuma daina maganar wa zai aure ta a gabanta.

Ana yawan tambayarmu hukuncin hular gashi, ganin an la'anci mai ƙarin gashi. Shaihu Ibnu Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya halatta ta ga macen da ba ta da gashi, domin kawar da aibi ne, ba ƙarin ado ba. Ya kafa hujja da sahabi Arfajatu, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya yi masa izinin sa na zinariya. Wasu malamai sun fi son a tsaya ga ɗankwali. Ko wanne aka ɗauka, a tambayi yarinyar tukuna, domin kanta ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.