Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Ga Malaman Dabbobi

Ina so in yi muku tuni da labarin bushiya, gama a cikinsa akwai abin lura ga kowane mai aikin asibitin dabbobi.

A cikin 1887 ciwon nan ya shigo Afirka ta tashar Masawa, a jikin shanun da sojan Italiya suka kawo. Kafin 1891 ya iso ƙasashen Barno da Hausa. Saniya ta kan fara da zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta tsiyaya, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo ya kwantar da ita. A wurare da yawa, cikin shanu 10 da ƙyar 1 ta tsira. Babu likita, babu allura, babu mai kai labari gaba.

Daga baya aka kafa gidan binciken ciwon dabbobi a Vom cikin 1924, malaman En'e suka riƙa bin mashekari suna yi wa shanu allura. A 1962 aka fara babban gangami a ƙasashen bakin Tafkin Cadi, watau Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, ana huda kunnen kowace saniya da aka yi wa, don a shaida ta. Ciwo ya kwanta, mutane suka saki jiki, aka yi sakaci da allurar maruƙa. To, a 1983 sai ga bushiya ta komo, ta tarar da garke cike da shanun da ba su da kariya, ta yi ɓarna mai tsanani. Sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya duka.

Jama'a, ku duba. Allura tana nan a 1983, sanin aiki yana nan. Shiri ne ya yi rauni. Bushiya ta tafi, amma murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna a 2006, ciwon saifa kuma a Suleja a 2023. Saboda haka ga abin da ya wajaba a kanmu.

Kowane malami ya san alamun manyan cututtuka da ido, ya koya wa yaransa na aiki, har mai shara. Kayan gaggawa su zauna a akwati guda, ana dubawa kowane wata: safar hannu, sirinji, maganin wanke wuri, da abin sanyaya allura, gama zafi yana kashe ƙarfinta. Dabba in ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ci, sai a ƙone ko a binne da zurfi, don ƙwayar saifa ta kan yi shekaru da rai cikin ƙasa. A ware marasa lafiya, a tsai da tafiyar garke, labari ya kai ga likita ran nan.

Ku kuma iyayen ƙasa, makiyayi ya kan ɓoye ciwo in yana tsoron hasara. In ya amince da ku, shi zai fara kawo labari, tun abin yana ruga guda.

Allah shi tsare mana dukiyarmu, shi jiƙan magabatanmu a wannan aiki, amin. Wassalam.