Babban Gwani Da Bakan Gizo



Mu da muka tashi a Batsari da Safana a cikin soron ƙasa muka buɗe ido, amma da muka shigo jami'a sai muka ɗauka ilmin gini daga Ingila ya zo. To, bari mu tuna da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, 1834 zuwa 1846.

Azara dai gara ba ta cinta, amma in tazara ta wuce kamar ƙafa shida, sai nauyin ƙasa ya lanƙwasa ta. Saboda haka magina kan ɗora azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a yaɓe, har ɓangarorin biyu su gamu a sama. Bakan gizo ke nan. A hannun Durugu, bakan da ke ɗauke da rufin shi ne kuma adon masallacin.

An gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Mu fa, da za mu riƙa sa hannu a kwangilar bulo da kwano, magini nawa muka taɓa tambaya yadda ake ɗaurin guga?