Ƙugiya Mai Kan Dalma da Tafkin da Kifinsa Ya Dawo

Jawabin sashen noma da kiwo ga ikilisiyoyin da ke bakin ruwa

Da yawa a cikinku manoma ne da damina, in rani ya yi kuma sai ku koma su. Kukan da ake yi a bakin ruwa ɗaya ne: kifi ya ragu, wanda ake samu ma ƙanana ne, kuɗin taru kuma ya hau. Saboda haka yau za mu kawo muku labarin wani kifi na ƙasar Amurka, da ƙugiyar da ake kama shi da ita, da yadda ya kusa ƙarewa a wani babban tafki, sa'an nan ya dawo. Maganarmu guda ɗaya ce. Kayan sun da mutum ya zaɓa da yadda yake aiki da su, su ne za su nuna ko 'ya'yansa za su ci kifin wannan ruwa.

Sunan kifin wolai. Yana zaune a tafkuna da koguna masu sanyi na arewacin Amurka da Kanada, babu shi a ruwayenmu. Kamar giwan ruwa yake wajen ci, wato ƙananan kifaye ne abincinsa. Allah ya ba shi ido mai gani cikin duhu, domin haka da asuba da almuru ya fi fita kiwo, ko ranar da akwai hadari, ko sa'ad da iska ta kaɗa ruwa. In rana ta take sai ya koma ƙasan ruwa kusa da duwatsu. Yana zuba ƙwai sau ɗaya a shekara, bayan ƙanƙarar da ta rufe ruwa ta narke, a wurare marasa zurfi masu tsakuwa. Macen ta fi namijin girma, babbar mace ɗaya kuwa tana iya zuba ƙwai fiye da 100,000.

Tun da kifin yana zama kusa da ƙasan ruwa, masu fatsa a can sun fi dogara ga wata ƙugiya da suke kira jig. Ƙugiya ce guda ɗaya wadda aka zuba wa dalma a kai, kamar ƙwayar gujiya, domin ta nutse da kanta. Akan shafa wa kan fenti mai haske in ruwan yana da dauɗa. A bakin ƙugiyar sukan maƙala ɗan ƙaramin kifi sa'ad da ruwa yake da sanyi, in ya yi ɗumi kuma su sa tana ko matsattsaku. Wasu sukan ɗaura gashin dabba ko wutsiyar roba mai laushi a madadin abinci mai rai.

Nauyin kan shi ne babban abin da ake dubawa. A ruwa marar zurfi mai kwanciya, mai giram 3 da rabi ya isa. In zurfi ya ƙaru, ko akwai iska, sai a ɗauki mai giram 7. A kogi mai gudu akan kai giram 10 ko fiye. Ƙa'idar ita ce a ɗauki mafi sauƙin nauyi wanda duk da haka zai taɓa ƙasa, mai fatsa kuma ya ji taɓawar a hannunsa. In ya yi nauyi ainun, kifin zai ji shi ya tofar. In ya yi shakwaf, ruwa zai ɗauke shi sama inda babu kifi. Zaren ma siriri ne, wanda ƙarfinsa bai wuce ɗaukar kilo 3 zuwa 4 ba, domin zare mai kauri yana hana ƙugiyar nutsewa da kyau.

Aikin kansa na haƙuri ne. Mutum zai saki ƙugiyar har ta kai ƙasa, ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ya bar ta ta sauka a hankali, zaren yana miƙe, ya sake ɗagawa. Yawanci sa'ad da take saukowa ne kifin yake kamawa, cizonsa kuma ba shi da ƙarfi, wani lokaci nauyi kaɗan ne kawai za a ji. Da hunturu, sa'ad da tafki ya daskare, sukan huda rami a ƙanƙara su yi wannan fatsa ta cikinsa.

Amfanin wannan ƙugiya da muke so ku lura da shi shi ne, tun da mai fatsa yana jan zare da zarar ya ji cizo, yawanci a leɓe take kama kifin. Sai ya duba shi da rai a hannunsa. In ƙarami ne, ko babbar mace ce, ya cire ƙugiyar ya mai da shi ruwa, yawancinsu kuma suna rayuwa, musamman in ruwan yana da sanyi kuma ba daga zurfi sosai aka jawo su ba. Kalli kuwa, wato ragar da kifi yake maƙalewa a cikinta, duk wanda ya kwana a ciki yakan mutu kafin mai shi ya zo.

Yanzu ga labarin tafkin. A jihar Minesota akwai wani babban ruwa da ake kira Red Lake, wato Jan Tafki. Mafi yawansa yana cikin ƙasar mutanen Ojibwe, sauran kuma yana hannun jihar. A 1917, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, aka fara kama kifin tafkin domin sayarwa saboda ƙarancin abinci. Daga baya ƙungiyar masunta ta mutanen Ojibwe ta riƙe aikin, ya ciyar da iyalai shekaru da yawa. Amma masu raga suka yi ta ƙaruwa, wasu suna sayarwa a ɓoye fiye da abin da aka yarda, masu fatsa a gefen jihar su ma suna ɗiba fiye da kima. Kafin ƙarshen shekarun 1990, wolai ya kusa ƙarewa.

A 1997 masuntan Ojibwe da kansu suka jefa ƙuri'a suka dakatar da kamun sayarwa, ko da yake da shi suke cin abinci. A 1999 shugabanninsu da gwamnatin jihar da gwamnatin tarayya suka sa hannu a yarjejeniya, aka hana kowa ɗaukar wolai daga ko'ina cikin tafkin. A 1999 da 2001 da 2003 aka zuba 'ya'yan kifi sabbin ƙyanƙyasa, jimillarsu fiye da miliyan 100. Aka bar su suka girma suka fara zuba nasu ƙwai. A 2006 aka sake buɗe tafkin. A gefen jihar, dokar wannan shekara ta ba kowane mai fatsa kifi 2 kawai, duk wanda tsawonsa yake tsakanin inci 17 da 26 kuma dole a mai da shi ruwa, domin a cikinsu ne iyayen ƙwai suke. A 2007 masana'antar gyaran kifi ta mutanen Ojibwe ta sake buɗewa, tana sayen kifin da mutanen gari suka kama da ƙugiya.

'Yan'uwa, ruwanmu dabam ne, kifinmu ma dabam ne, amma cutar ɗaya ce. Mun san ana jan gidan sauro a cikin tafki, ana kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da ba su kai yatsa ba. Mun san ana zuba gamalin a ruwa, ya kashe babba da ƙarami, ya cuci mai sha da mai ci. A Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 22, an umarci wanda ya sami sheƙar tsuntsu kada ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. Kakanninmu ma sun san wannan, shi ya sa sarkin ruwa yake rufe tafki har lokacinsa ya yi, kamar yadda ake tsare ruwan Matan Fada a Argungu kafin ranar bikin su.

Ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, gidan sauro ya zauna a kan gadon yara, raga mai ƙananan idanu kuma a ajiye ta. Na biyu, da farkon damina, sa'ad da kifi yake shiga fadama domin zuba ƙwai, a ɗaga masa ƙafa. Na uku, mai fatsa ya mai da ƙaramin kifi da mace mai ƙwai tun suna da rai. Na huɗu, a kula da dalma. Guba ce, a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Kada a narka ta a murhun girki, kada a matse ta da haƙori, kada yara su yi wasa da ita.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gama wanda ya ajiye ragarsa alhali maƙwabcinsa yana kwasa, hasara kawai ya yi. Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su zauna da sarkin ruwa da mai gari da maƙwabtanmu Musulmi, a yanke watannin hutu da girman idon raga tare. Zumuntar mata kuma, ku da kuke saye kuna banda, in kun ƙi karɓar 'ya'yan kifi, masu kawo su za su daina. Iyalan da hutun zai fi taɓawa, ikilisiya ta san su, ta taimake su da hatsi ko aikin lambu har a buɗe ruwa.

Ubangiji ya ba mu zuciyar riƙon amana, ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.