Jawabi Kan Kuɗin Itacen Gumi da Buntun da Muke Zubarwa

  

Magana ɗaya na zo da ita, maganar itace. Duk wadda ke gumi a cikinmu ta sani, in an cire kuɗin shanshera, babu abin da ke cin ribarmu kamar itace. Na zauna da ma'aji mun bi littafin kashe kuɗi layi-layi, kuma alhamdulillahi yanzu da idona nake karantawa. Kowane wata kuɗin itace gaba yake yi. Ga shi kuma bayan injin casa buntu ya yi tsibi, wani lokaci a cinna masa wuta ya kwana uku yana turnuƙe unguwa da hayaƙi.

Abin da ya sa na fara kallon tsibin nan da wani ido shi ne labarin da ɗan yayata mai karatu a Jamus ya ba ni, na yadda ake ɗumama gidaje a can. Sanyinsu ba irin hunturunmu ba ne. Ruwa yana daskarewa a waje, kuma kusan rabin shekara sai an ɗumama ɗaki kafin a iya zama. Da yawa gas ko mai suke ƙonawa, amma a ƙasashe masu dazuzzuka irin su Ostiriya da Suwidin da ita Jamus ɗin, akwai gidaje da makarantu da asibitoci masu amfani da dusar katako. Wallahi dusar nan dai da muke gani ana sharewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa.

Ga yadda suke yi. Za a busar da dusar sosai, har damshin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sai inji ya matse ta ta cikin ƙananan ramuka, ta fito 'yan sanduna gajeru kamar abincin kifi, kaurinsu milimita 6 ko 8. Ba sai an sa gam ba. Zafin matsar ne ke narkar da danƙon da ke cikin itacen, shi ya riƙe su. Ana sayarwa a buhu mai kilo 15, ko babbar mota ta zo ta hura su ta bututu cikin rumbun gidan. Daga rumbun akwai wani ƙarfe murɗaɗɗe, irin na cikin injin markaɗe, yana tura su kaɗan-kaɗan cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe. Wutar ta zafafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zaga ɗakuna, in ya huce ya dawo. Babu mai iza wuta, babu mai fifita. Kilo biyu na sandunan nan yana ba da zafin da ya kai na litar mai guda. Manyan gine-gine kuma sukan ƙona ɓarzajjen itace, wanda ya fi araha amma ya fi cin wuri.

Inda abin ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin zafi. Tukunyar tasu tana kama kusan kashi 90 cikin 100 na zafin abin da ta ƙona. Murhunmu na duwatsu uku kuwa, abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 ba. Sauran iska ta kwashe, ko ya ƙare a ƙafafunmu da idanunmu. Ke nan in kin sayi itacen dubu goma, na dubu ɗaya da 'yan kai ne ya dafa miki shinkafa. Ku riƙe wannan.

To, kar wata ta ce na zo in sa mu sayi injin Turawa. A'a. Mu ba gida za mu ɗumama ba, kuma injin nan ba ya tafiya sai da lantarki tsayayye, kun kuwa san halin da muke ciki. Su ma can ba lafiya lau ba ne. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa gas ya yi tsada, kowa ya ruga kan sandunan, kuɗinsu a Jamus ya ninka har ya wuce. Akwai kuma rigima kan itatuwan da ake sarewa a Amurka da Kanada ana mayar da su sanduna, ana loda wa jirgin ruwa zuwa Ingila don a samar da lantarki. A ganina wannan ya fita daga hikimar abin. Daɗinsa ai a ƙona abin da dama za a zubar.

Abin da za mu ɗauka shi ne dabarar: a busar, a dunƙule, a rufe wutar. Kuma muna da kayan. Duk buhu biyar na shanshera da aka casa, nauyin buhu guda buntu ne. Ga ɓawon gyaɗa wajen masu ƙuli-ƙuli.

Sai dai buntu yana da halinsa, gara mu sani tun yanzu. Sandunan Turawa masu kyau tokarsu ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, shi kuwa buntu kusan kashi 20 ɗinsa toka ne. Kuma yana da kaushi kamar yashi, yana cinye ƙarfen injin matsa da wuri. Shi ya sa ban goyi bayan sayen babban inji ba, ko da an kawo mana shi bashi. Hanyar da ta dace da aljihunmu ita ce ta gawayi. A babbaka buntu ko ɓawon gyaɗa a cikin duro mai murfi har ya yi baƙi, kar a bari ya zama toka. A daka, a kwaɓa da ɗan kokon sitacin rogo, a cura da hannu ko da ƙaramin abin matsa na maƙera, a shanya kwanaki har ya bushe ƙarau. In bai bushe ba, hayaƙi za ki saya wa kanki. Da damina kuma dole a samu rumfa, don damshi na wargaza shi. Kar mu ɗauka kyauta ne kuma, tunda masu kaji sun fara sayen buntu da dusar katako don shimfiɗa. Sai mu je mu yi magana da mai injin casa tun kafin ya farga ya sa kuɗi.

Akwai gargaɗi, kuma ina roƙon ku kai shi gida. A Turai an samu mutanen da suka shiga rumbun sandunan nan suka mutu, saboda wata iska mai guba da ke taruwa a rufaffen wuri, ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce dai iskar da ke fita daga kaskon garwashi in an shiga da shi ɗaki lokacin sanyi an rufe ƙofa da taga. Gawayin buntu ma yana fitar da ita. Don Allah kar a kwana da shi a ɗaki, musamman ɗakin mai jego.

Yanzu ga roƙona ga taro. Cikin ribar bana da za a raba, a ware kashi ɗaya cikin goma. Da shi a sayi duro biyu da abin matsa guda, a kuma sa magini ya gina mana rufaffen murhu ɗaya mai bututun hayaƙi daidai tukunyar gumi. Mata biyar su gwada na wata uku, biyar su ci gaba da itace yadda aka saba. Kowacce ta rubuta buhu nawa ta turara da abin da ta kashe, mu 'yan aji za mu taya wadda hannunta bai faɗa ba. Na san akwai masu jiran kasonsu don kuɗin makaranta da kayan ɗakin 'ya'ya, ni ma ina cikinsu, shi ya sa ban ce a taɓa fiye da haka ba. In littafi ya nuna babu riba, a sayar da duro a mayar wa kowa abin da ya samu.

Hajiya shugaba, ina neman a sa wannan cikin abin da za a ɗaga hannu a kai yau kafin a raba abinci.