Tankin Mai a Tsohon Jirgin Ruwa: Gano Cutarsa da Sauya Shi



Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya malala har ƙasar Yawuri, jirage masu inji suka zama abin hawan 'yan kasuwa da masunta da ma'aikatan gwamnati, kamar yadda suke a Baga da Lokoja. Motar da ta mutu akan tura ta gefen hanya. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa kuwa, iska da igiyar ruwa su ke tuƙa shi, da mutane a ciki. Sau da yawa inji ake ɗora wa laifi, a sauya fulogi, a wanke kabureta, alhali cutar tana cikin tankin da ya shekara ashirin ba wanda ya leƙa shi.

Babban abokin gaban tanki ruwa ne. Idan aka bar tanki rabi, iska mai laima takan shiga, da dare ƙarfe ya yi sanyi, raɓa ta taru a bangonsa ta gangara. Da yake ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, watau daidai bakin bututun da ke zuƙo mai. Tankin baƙin ƙarfe yakan yi tsatsa daga ciki. Na alminiyam yakan huje daga waje, a wurin da jiƙaƙƙen katako ko soso ya manne masa shekara da shekaru, ko inda aka ɗaura masa tagulla kai tsaye. A tankin man gas har ƙwayoyin halitta kan rayu a tsakanin ruwan da man, su bar wani baƙin yauƙi mai toshe mataci.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A cire tiyon mai daga inji, a sa wani a cikin jarka mai tsabtataccen mai. In inji ya yi aiki sumul, to, an wanke shi daga zargi ke nan, sai a koma kan tanki da bututunsa. Sa'an nan a zuƙo ɗan mai daga ƙasan tankin a zuba a kwalba, a bar shi ya natsa: ruwa da garin tsatsa za su nuna kansu. Akwai kuma jirgin da ke tashi lafiya lau, bayan 'yan mintoci ya mutu, a buɗe marfi a ji iska ta shige da ƙara, ya sake tashi. Wannan kafar shaƙar iska ce ta toshe, galibi kuwa zanzaro ne ya yi gini a ciki.

Yoyo shi ne mai kisa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, sai ya kwanta a gindin jirgi. Da ya kai kamar kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya daga batir ya isa. Don gano yoyo akan kwashe man, a toshe kafofi, a hura iska kaɗan wadda ba ta wuce fam 3 a kan kowane inci murabba'i ba, a shafa ruwan sabulu a duba inda kumfa ke tashi. Iskar da ta fi haka tana iya kumbura tankin ta ɓarke ɗinkinsa.

A nan ne ma'aikacin ofis ke shigowa, domin shi ke sa hannu a takardar kuɗi. Za a kawo masa shawarar a yi walda ko a liƙe da gam, wai ya fi araha. Lalle kada ya yarda. Tankin da ya huje a wuri ɗaya ya riga ya sirance a wurare da dama, kuma tankin fetur da aka zubar da mansa har yanzu cike yake da tururi, yana iya fashewa a hannun mai walda.

Wajen sauyawa, a fara cire batir, a yi aiki a fili, a zuƙe man da famfon hannu. Sabon tankin, in na alminiyam ne, a ɗora shi bisa siraran robobi don iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinsa. In na roba ne a bar masa sarari, domin yakan ɗan buɗa bayan zubin farko. Lita 200 ta fetur ta kai kilo 150, don haka a girke shi can ƙasa, a tsakiyar jirgi, a ɗaure tam. Babban tanki yana bukatar shinge a ciki, kada mai ya riƙa kai da komowa yana karkata jirgin. Tsoffin tiyo da mataci duk a zubar, kafar iska ta fita wajen jirgi, a kuma haɗa bakin zubin mai da tankin ƙarfe da waya saboda tartsatsi. Kafin a rufe daɓe a sake gwajin sabulu, a rubuta ranar da aka sa tankin a littafin jirgi.