Kada Rashin Tsaraba Ya Hana Ka Zuwa Gida

Jawabin da jami'inmu na raya karkara ya gabatar a taron matasa da Zumuntar Mata na ikkilisiyoyin yankin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su samu halarta ba.

An ba ni minti talatin, in na zarce shugaban taro ya ja mini riga.

Batun da aka ɗora mini shi ne kyautar da za mu iya yi wa iyayenmu da hannunmu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Wani zai ce ai wannan darasin yaran makarantar Lahadi ne. To ku saurara ku ji abin da ya sa ofishin agaji ya damu da shi.

Kowane watan Disamba, in muka zagaya ƙauyuka, muna tarar da tsofaffi su kaɗai a gida. Ina yaran? Suna Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, wani yana acaɓa, wani gadi, wani leburanci, wata aikatau. In ka bincika, kuɗin mota ba shi kaɗai ne ya riƙe su ba. Kunya ce. Yaro ya sa a ransa ba zai shiga gida ba sai da turmin atamfa na Inna da shaddar Baba. Bai samu ba, sai ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ya ce sai baɗin baɗaɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na sutura suka yi tashin gwauron zabi, wannan "sai baɗi" ta ƙara yawa. Wasu ba sa zuwa sai ranar jana'iza, kuma abin mamaki, ranar nan kuɗin akwatin gawa da na abincin baƙi ba sa gagara.

Mu da ke gida ma muna da namu ciwon. Saurayi ya kwashi buhun masara ya kai kasuwar Kwanar Ɗangora a tsakiyar kaka, lokacin da kowa ke sayarwa kuma farashi yake ƙasa, don kawai ya sayi kayan Kirsimati. Wani ya ci bashi mai ruwa. Yuli da Agusta su zo, rumbu ya yi ƙasa, uwar nan da aka ba atamfa ita ce ke ɗora tukunya sau ɗaya a yini, atamfar kuwa tana ƙasan akwati ko ɗinka ta ba a yi ba. A kakar 2025 manomanmu sun ga yadda masara ta faɗi alhali taki bai sauko ba. Wanda ya sha wannan, bai kamata ya ƙara wa kansa asara da sunan kyauta ba.

Mun san umarnin girmama uwa da uba yana cikin Dokoki Goma, a Fitowa sura 20. Amma ina so in ja hankalinmu ga Markus sura 7, inda Ubangiji Yesu ya tsawata wa Farisiyawa saboda sun koya wa mutane su ce abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah, ta haka su kuɓuta daga hakkin iyaye. Da izinin iyayena Fastoci zan faɗa: baikon da ka bayar a majami'a, ko kuɗin ankon ƙungiya, ba ya sauke maka nauyin tsohuwar da ka bari da ɗaki yana yoyo. Sannan ku tuna Dokas a Ayyukan Manzanni sura 9. Da ta rasu a Yafa, abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka shi ne rigunan da ta ɗinka da hannunta. Ko a Amurka, matar da ta fara Ranar Iyaye Mata a 1908, Anna Jarvis, ta ƙare rayuwarta tana faɗa da 'yan kasuwar da suka mayar da ranar ta sayar da kati da furanni.

Yanzu ta ina za a fara? Ba daga kasuwa ba. Ka zauna kwana uku a gida kana kallon iyayenka. Ka dubi yadda Inna take tashi daga tabarma, ko sai ta dafa bango. Ka dubi diddigen Baba. Ka lura da abin da suke bari a kwano don haƙori ya gaza. Ka saurari tarin dare. Iyayenmu ba sa roƙon ɗansu, ko suna mutuwa za su ce lafiya lau. Jikinsu ne zai gaya maka kyautar da suke bukata.

Bari in fara da abin da ba a son faɗa a taro, wato bayan gida. Tsoho mai ciwon gwiwa ba abin da ke ba shi wuya kamar tsugunno a bakin masai. Wasu har rage cin abinci da shan ruwa suke yi don kada su yawaita shiga, kuma ba za su taɓa gaya maka ba. Nemi tsohuwar kujerar katako, ka fafe tsakiyarta, ka goge bakin ramin ya yi sumul, ka ƙarfafa ƙafafunta da ƙusa yadda ba za ta yi rawa ba, ka ɗora a kan ramin. Ka kafa ƙaƙƙarfan itace a gefe, ka binne shi da zurfi, ya zama abin dafawa. Ka yi wa ramin murfi saboda ƙuda. In zanan makewayin ya zube, ka yanko gamba ka saƙa sabo. Aikin yini ɗaya ne. Ba wanda zai ɗauki hotonsa ya sa a Facebook, amma a ganina duk cikin abin da zan lissafa yau babu wanda ya kai shi, domin mutuncin tsoho ne ka mayar masa.

Sai murhu. Iyayenmu mata sun shekara arba'in ko hamsin a kan duwatsu uku, hayaƙi yana shiga ido da ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya. Murhun laka ba ya cin ko kwabo. A kwaɓa jar ƙasa ko yumɓu da kashin shanu da ƙaiƙayi, ku mutanen Tudun Wada kuna da ɓuntun shinkafa har ya ishe ku, a bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku ya ruɓa. A gina shi kewaye da tukunyar da Inna ta fi amfani da ita, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace, a bar 'yar tazara kamar kaurin yatsa tsakanin tukunya da bango don wuta ta lashi gefenta. A rufe shi ya bushe a hankali kamar mako guda kafin a hura wuta, in ba haka ba zai tsattsage. Yana tare iska, yana rage cin itace sosai. Hayaƙin ba ya ƙarewa gaba ɗaya, don haka a gina shi a rumfa ko inda iska ke wucewa. Kuma duk ɗaurin itacen da aka rage, an rage dalilin shiga dajin Falgore, wanda kun sani daji ne da hukuma ta keɓe.

Kirsimati a tsakiyar hunturu take zuwa, ku na Doguwa da Riruwai kun fi mu sanin sanyi. 'Yan mata masu iya ƙwarashi, ƙullin zare biyu ya isa hular sanyi mai rufe kunne. Ƙyallayen da tela ke sharewa ya zubar, ku roƙa, ku wanke, ku harhaɗa, ku sa tsohon zane a tsakiya da wani a baya, ga bargo. Matashin kai kuma audugar rimi ce kakanninmu ke cusawa. Samari su saƙa asabari a rataya a ƙofar ɗakin Baba. Don kaushi da faso, a narkar da man kaɗanya ludayi uku a cikin kwanon da aka ɗora kan ruwan zafi, a zuba man gyaɗa ludayi ɗaya don ya yi laushi, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a zuba a gwangwani mai murfi. In ka kai, kada ka miƙa kawai. Ka ɗumama ruwa, ka jiƙa mata ƙafar, ka shafa da kanka. Amma in ka ga gyambo ko ciwon da ya ƙi warkewa, musamman ga mai ciwon suga, wannan ba na man kaɗanya ba ne, a kai asibiti.

Na ƙarshe shi ne abin da ke shiga ciki. Akwai garin kunun da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. An fi saninsa don yara masu tamowa, amma tsohon da haƙori ya ƙare yana amfana da shi ƙwarai. Ma'auninsa mai sauƙi ne: gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar, don tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Waken suya a jiƙa shi, a cire ɓawon, a shanya, a soya shi sosai har ƙarnin ya fita. A soya sauran kowanne daban, a haɗa a kai niƙa. Kada a yi da yawa, na mako biyu ko uku ya isa, saboda man gyaɗar yana sa shi ya yi wari in ya daɗe. Zogale kuma a wanke, a shanya a inuwa, rana tana kashe masa amfani, a daka a tankaɗe, a riƙa zuba cokali guda a miya. Abinci ne mai kyau. Ba ya maye gurbin maganin hawan jini da likita ya rubuta, ko da me mai tallar magani a kasuwa ya ce. Ku na Bebeji da ke kusa da Dam ɗin Tiga, busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka daka ya fi kwalin madarar gwangwani amfani a tukunyar tsohuwa.

Ku da ke zaune a birni kada ku ce ba ku da laka ko gamba. Hannu kuke da shi, kayan aikin suna nan gida suna jiranku. Ka tara kuɗin mota kawai ka taho. Wanda Allah ya hore wa ya sayi atamfa, ban hana ba, muddin ba da bashi ba ne kuma ba da masarar damina ba.

Iyayenmu mata na Zumunta, ina da roƙo a gare ku. Da bakinmu muke korar yaran nan. In ɗan maƙwabciya ya zo da leda cike, a yi ta guɗa, naki ya zo hannu sake a yi masa habaici, to baɗi ba zai zo ba. Ku aika musu tun yanzu cewa fuskarsu kuke so ku gani. Ku kuma matasa, kada ku sa ran dogon yabo. Mu Hausawa ne, uwa ba ta ko kama sunan ɗanta na fari, balle ta zauna tana yi masa godiya. Za ta ce "Allah ya yi albarka" ta kau da kai. Ka dawo bayan wata guda ka ji abin da ta faɗa wa maƙwabta. Kada kuma a manta da surukai, da gwauraye da tsofaffin da ba su haifa ba, da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda 'ya'yansu su ma suna can ci-rani. Murhu ɗaya ake ginawa ko a gidan wa.

Ga yadda muka tsara. Kafin Kirsimati kowace ikkilisiya ta zaɓi Asabar ɗaya. Zumuntar Mata ta fitar da mutum biyu da suka iya ƙwarashi da haɗa garin kunu, ƙungiyar matasa ta fitar da biyu da za su koyi murhu da kujerar masai. Mu za mu zo mu nuna aikin a gidan wani tsoho da dattawa suka zaɓa, ba a harabar majami'a ba, don abin da aka gina ya zauna inda za a yi amfani da shi. Ba za mu raba kuɗi ko kaya ba, kowa ya zo da abin da yake da shi: ƙyalle, zare, guduma, ƙusa, gwangwanin gero. A kwaɓa lakar kwana uku kafin ranar. Sakatarorin ikkilisiyoyi su ba ni ranakun da suka zaɓa kafin mu watse, waɗanda ke nesa da titi su fara, don mu tsara tafiya.

Na ga shugaban taro yana duban agogo.